Ranin da Na Sirka Tawadar Inno

Labarin albasar Bube ya kasu biyu a gidan nan, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Waɗanda suka ji shi a bakin kasuwa suna cewa na'urar yayarku Inno ce ta ruɗi manomi har amfaninsa ya ruɓe. Waɗanda suka ji shi a tsakar gida suna cewa ni ne na tashi da kaina, ba wanda ya sa ni, na je na wanke 'yata a gaban jama'a. Na farko ƙazafi ne a kan Inno. Na biyu yabo ne da ban cancanta ba. Zan jera muku abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, don in ba na nan kada wani ya ƙara ko ya rage.

Da farko, sana'ata. A Maradun aka haife ni, na zo Mafara ina saurayi, ba ni da komai sai karatun firamare da hannu mai iya zana harafi a miƙe. Fiye da shekara talatin ina buga rubutu da zane a jikin kaya: bajen makaranta a aljihun riga, lambar 'yan ƙwallo, sunan masu casar shinkafa a buhu, allon shago. Aikin yana da tsari, kuma ban taɓa yarda a tsallake mataki ba. Ana ɗaure siririn yadi a firam na katako har ya yi tauri kamar fatar ganga. Ana toshe ƙofofin yadin da magani, a bar wurin zanen kaɗai a buɗe. Ana ɗora firam a kan abin da za a buga, a zuba tawada a gefe, a ja ta da katako mai bakin roba, ja ɗaya, ba biyu ba. A ɗaga, a duba, a shanya. Alƙalaina a wannan aiki su ne idona da babban yatsana. In layi ya fita tsaf, bakinsa bai tsage ba, na goga yatsa bai tashi ba, to aiki ya yi. Akwai kuma abin da kowane mai buga zane a ƙasar nan ya sani tun makon da ya fara koyo: idan zafi ya sa tawada ta yi kauri ta fara toshe yadi, ana zuba mata kananzir murfin kwalba ɗaya, a juya, a ci gaba. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi ba adadi, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. A Mafara in aka ce Sanda mai zane ne ya buga, ba a sake tambaya. Ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye muku ba.

Na biyu, Inno. Sunan mahaifiyata Balkisu na sa mata, shi ya sa bakina ba ya kiran sunan, har kowa ya bi ni. Ta yi karatu a jami'a a Sakkwato, ta koma karo na biyu don ƙarin ilimi a fannin haɗa sinadarai. A farkon sanyin shekarar da abin ya faru ta dawo gida da wani ɗan gwangwani wanda bai fi na tumatir ba, ta naɗe shi a tsumma ta sa a cikin kular ƙanƙara kamar maganin allura. Ta same ni a shago, wanda kuka san a jikin zauren gidan nan yake, ta durƙusa ta gaishe ni har ƙarshen gaisuwa, sannan ta ce:

"Baba, firam ɗinka nike so ka ara man, da hannunka."

"Riguna za ki buga?"

"A'a. Hanyar wutar lantarki za mu buga."

Na ce ta buɗe in gani. Tawada ce mai launin toka, tana ɗan walƙiya, kaurinta kamar na zuma a lokacin sanyi. Ta ce a cikinta akwai ƙwayoyin azurfa ƙanana ƙwarai, waɗanda ko ƙurar gari dutse ce a kansu. In an buga layi da ita a kan farar roba aka gasa, ruwan ya ƙone, ƙwayoyin sukan matsu su taɓa juna, sai wuta ta bi ta kansu kamar yadda take bin waya. Na ce ban gane ba, ta sake.

"Kamar sahun salla na, Baba. Kahwaɗa da kahwaɗa. In an bar giɓi, sahu ya yanke, ko da mai kallo daga nesa na ganin layi."

Wannan na gane. Abin da take so a buga shi ne zane kamar matsefi biyu da aka cusa haƙoran ɗaya a tsakanin na ɗayan ba tare da sun taɓa ba, a kan ɗan tsinken roba mai tsawon tafin hannu. Ana binne tsinken a gindin shuka, a haɗa shi da ɗan akwati kamar rediyon aljihu, mai cin hasken rana. In ƙasa tana da laima, wuta tana ratsawa daga wannan matsefi zuwa wancan, sai koriyar fitila ta kama. In ƙasa ta bushe, wuta ba ta ratsawa, sai ja ta kama, manomi ya tada injin ban ruwa. Amfanin abin shi ne kada mai noman rani ya ƙona mai yana ba ƙasar da ba ta jin ƙishirwa. A makarantarsu akwai injin buga irin wannan, amma malamarta tana so a gwada ko mai firam na katako a ƙaramin gari zai iya. Da na ji haka na ce zai iya. Muka buga na farko tare, da safe, tana tsaye a kaina. Muka gasa su a wani ɗan akwatin gashi da ta zo da shi. Ta ɗauko mita mai wayoyi biyu ta auna su ɗaya bayan ɗaya, duka suka wuce. Ni kuwa ina kallon awon nan kamar ɓata lokaci, tunda idona ya riga ya ce sun yi.

Na uku, Bube. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, taubashina, manomin albasa a Bakura. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Da farko Inno ta so ta yi gwajin a wajen danginmu na Faru, amma hanya ba ta da lafiya a lokacin, sai muka nufi Bube. Muka same shi a gona, ya kalli akwatin, ya kalle ni.

"Wai kai bawan nan, da ba ka san albasa ba sai cikin miya, kai za ka koya man ban ruwa?"

"Ba ni ba na. Ɗiyata ta. Kai dai ka ci gaba da ƙona mai kamar mai gidan burodi."

Inno ta yi masa bayani, ta ce gwajin ba zai yi amfani ba sai an bi fitila ita kaɗai a wasu fangalolin gonar, ba a haɗa ta da hasashe ba. Bube ya daɗe yana murza ƙasa a hannu, sannan ya bar wasa.

"Inno, na ba ki hwangali takwas na gabas. Abin da hitila tac ce shi za ni yi, ko hannuna ya ce wani abu. Alkawali na."

Makonnin farko abin ya tafi daidai. Fangalolin nan takwas suka sha ruwa ƙasa da sauran, ganyensu kuma bai gaza na kowa ba. Manoma suka riƙa tsayawa da babura suna leƙen fitila. Sarkin Noman unguwarsu, dattijo mai jagorantar masu noman rani a wannan yanki, ya aiko cewa in an cire albasa lafiya, za su buɗe wa Inno gonaki da yawa baɗi. Wannan shi ne abin da take nema, kuma a kansa karatunta ya rataya.

Yanzu ga inda na shigo. Tsinkayen ba sa daɗewa a ƙasa, gishirin taki yana cinsu, dole a canja su bayan wasu makonni. Lokacin canji ya zo Inno tana Sakkwato, jarrabawa ta riƙe ta, mita kuma tana hannunta domin ta makaranta ce. Ta bugo mini waya ta ce in buga takwas in kai wa Bube, ya san yadda ake maƙalawa. Ta ba ni sharaɗi uku, na kuma maimaita mata su: a juya tawada a hankali, a buga da sassafe kafin rana ta yi zafi, kada a ƙara mata komai. A ranar wani shugaban makaranta ya zo da sassafe a kan maganar baje, muka daɗe. Ban buɗe gwangwani ba sai da hantsi ya ɗaga sosai, ga shi zafin bazara ya fara shigowa. Na ja na farko, layi ya fita a yanke. Na ja na biyu, yadi ya fara toshewa. Na leƙa gwangwani, abin da ya rage kaɗan ne, in na ɓata uku ko huɗu ba zai kai ba. Kwalbar shago ba kananzir. Na shiga cikin gida, na ɗauki ta mahaifiyarku Kulu a gefen risho, na auna murfi ɗaya, na zuba, na juya.

Ina so ku riƙe wannan da kyau: ban manta da sharaɗin Inno ba. Yana cikin kaina lokacin da nake zubawa. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, yarinya ta san littafi, ni na san tawada. Na ja, layi ya fita kamar an zana da reza. Takwas ɗin nan sun fi na farko kyau a ido. Na gasa su, warin kananzir ya tafi da zafi, na goga yatsa ba abin da ya tashi. Na rufe gwangwani na tura shi bayan gwangwanayen fenti. Da la'asar na shiga mota na kai wa Bube da hannuna, har ina yi masa gori cewa bai taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba.

Kananzir ya raba ƙwayoyin azurfar da juna. Layi yana nan a ido, amma wuta ba ta samun hanya. Akwatin kuwa bai san bambancin busasshiyar ƙasa da mataccen tsinke ba, abin da ya sani kawai wuta ba ta ratsa ba. Sai ja ta kama a fangali takwas, ta ƙi mutuwa. Lokacin kuma albasa ta fara nuna, lokacin da kowane manomi yake janye ruwa don kai ya yi tauri. Bube ya ba da ruwa, fitila ja. Ya ƙara, fitila ja. Ya buga wa Inno waya, ita kuma daga nesa ta ce mai yiwuwa zafin da ya taso ne yake shanye laimar da wuri, ya bi fitila. Ya bi. Kafin ta dawo wuyan albasar ya yi laushi, in ka tuge ɗaya sai ta zube a hannunka da wari. Sauran gonar, inda ya bi hannunsa, ta fita lafiya.

Inno ta dawo ta wuce Bakura kai tsaye, ta tono tsinkayen, ta auna, ta ga wuta da ƙyar take motsi. Ta shigo shago da su a leda.

"Baba, ka bi yadda nic ce?"

"Na buga yadda nike buga aikina."

"Sauran tawadar hwa?"

"Ta ƙare."

Amsa ta farko na zaɓe ta ne don kada a ce na yi ƙarya. Ta biyu ƙarya ce tsagwaronta. Ba ta sake tambaya ba, domin a gidan nan ba a saba maimaita mini tambaya ba, kuma ni na kafa wannan doka. Ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. Ta ce ko ajiyar da ta yi wa tawadar ce ba ta yi ba, ko lissafin haɗinta ne da kuskure, ga kuma wayar da ta ce wa Bube ya ci gaba. Kwana goma sha biyu tana zaune a ɗaki da takardunta, tana bin lissafi daga farko, tana neman kuskuren da ba ya nan. Kwana goma sha biyun nan ina fita shago, ina buga baje, ina zuwa masallaci, ina cin abinci. A Bakura magana ta bazu cewa 'yar boko ta kawo fitila ta ruɓar da albasar kawunta. Sarkin Noma ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko ta je ta kwashe akwatunanta a gaban mutane. Ita kuma ta rubuta wa malamarta takarda cewa tawadar ba ta da tabbas, ta janye daga aikin. Takardar tana cikin jakarta, ba ta aika ba tukuna.

Ranar Alhamis da safe Kulu ta kawo mini koko da ƙosai a zaure. Maimakon ta ajiye ta koma kamar kullum, sai ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, ran da kas shigo kad ɗauki kwalbata ta risho, riguna kab buga?"

Na ce mata maganar shago ba ta cikin gida ba ce.

"Gaskiya ta. Ni ban yi boko ba. Amma ran nan ba riga ko ɗaya bisa igiya, na duba."

"To mi kike so?"

"Ba ni son komi. Ɗiyarka ba ta cin abinci. Sunan uwarka gare ta, Malam, kai kas sa mata shi, ba ni ba."

Ta tashi ta shiga ciki. Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Kokon ya huce a gabana. Don haka duk wanda ya ce muku ni na tashi da kaina, ku ce masa Kulu ce ta tashe ni, bayan na yi kwana goma sha biyu a zaune.

Na auna hanyoyi uku. Ta ɗaya, in kira Inno in faɗa mata a ɗaki. Wannan zai kwantar da hankalinta, amma ba zai taɓa abin da ake faɗa a Bakura ba, kuma na san halinta, za ta rufa mini asiri ta ci gaba da ɗaukar zagin. Ta biyu, in samu Bube shi kaɗai. Shi ma zai rufa, don jini ɗaya muke. Ta uku, in faɗa a inda aka ɓata sunan, a gaban waɗanda suka ji. Na san abin da ta ukun za ta ci mini. Mutanen Bakura suna cin kasuwar Talata a nan Mafara, kafin mako ya zagayo duk mai kawo mini aiki zai ji. Na zaɓi ta uku. Amma ban gaya wa Inno kafin mu tafi ba. Na ce wa kaina don kada ta hana ni ne. Gaskiyar ita ce fuskar mutum ashirin ta fi mini sauƙin kallo a kan tata ita kaɗai.

Ranar Juma'a na ce zan raka ta. Na sa gwangwanin a aljihun babbar riga. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a gindin dogon yaro a ƙofar gidan Bube, an shimfiɗa tabarmi, akwatunan takwas an jera su a kan buhu da ƙasa a jikinsu. Inno ta tsaya daga gefe, bakin zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi da hanya, aka yi addu'a. Sarkin Noma ya yi magana cikin ladabi, ya ce ba wanda yake zargin yarinya da mugun nufi, amma abinci ba abin gwaji ba ne, ta ɗauki kayanta Allah ya ba ta sa'a a wani wuri. Inno ta fara matsowa. Na ce ina neman izinin magana.

Na faɗa musu a jere, kamar yadda na faɗa muku. Sharaɗi uku da aka ba ni, wanda na karya da wanda na tsallake, murfin kananzir, tambaya biyu da ta yi mini da amsar da na bayar. Sannan na fito da gwangwanin na buɗe na miƙa wa Sarkin Noma. Ya kai hanci, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ya zagaya hannu zuwa hannu. A cikinsu ba wanda ya san azurfar da ido ba ya gani, amma ba wanda bai san warin kananzir ba. Ya zo hannun Bube a ƙarshe. Ya shinshina, ya daɗe yana kallon cikinsa.

Wani daga baya ya ce, "Ashe Sanda, tawada ma ana yi mata abin da aka yi wa nono?"

Aka ɗan yi dariya. Bube bai yi ba.

"Hannuna ya hwaɗa man ƙasag ga ta ƙoshi," ya ce. "Kullum sai ya hwaɗa man. Ina tsaye ina kallon ruwa na kwance, ina tada inji, don na ba ɗiya alkawali. Ni na riƙe nawa da hwangali takwas. Kai murhin kwalba ɗaya ba ka iya riƙewa ba."

Ya rufe gwangwanin ya ajiye a kan tabarma, ya juya wajen zaure.

"Inno, matso. Tsinkayen hwarko sun yi aiki, da idona nig gani. Baɗi ina ba ki huɗu, ba takwas ba. Abu biyu: ba tsinken da za ya shiga ƙasata sai an auna shi gabana. In kuma hannuna da hitila sunka saɓa, ba ni ba da ruwa sai kin zaka da ƙahwarki."

Ta ce ta yarda, muryarta a ƙasa. Sarkin Noma ya ce tunda mai gona ya yarda, a bar akwatunan a ɗakin Bube, a ga abin da baɗi za ta nuna. Mutum biyu suka ce su ma a sa su, fangali bibbiyu. Aka shafa fatiha.

A mota Inno tana ta kallon gonakin shinkafa ta taga. Sai da muka sauka, muka shigo layinmu, ta tsaya kafin ƙofa.

"Baba, kana jina ina kuka cikin ɗaki?"

"Ina ji."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta yayyaga takardar da ta rubuta wa malamarta a ranar, ta rubuta wata da ta faɗi abin da ya faru ba ragi, har da sunana, kuma ni na ce ta sa. Bayan kwana biyu ta koma Sakkwato.

Abin da ya biyo baya ga shi. Masu casar shinkafa biyu suka kai buhunansu wani wuri. Wata makaranta da na yi wa baje tun kafuwarta ta daina aikowa, ba wanda ya gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba. Waɗanda suka ci gaba da zuwa suka koyi tambayar da ba a taɓa yi mini ba, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba: an dai tabbata ba a sirka ba? Na amsa kowace da haƙuri, don ni na jawo ta. Na je Bakura da damina na ce wa Bube ya bar ni in yi masa ko da noma ne a madadin abin da ya rasa, ya ce ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ya faɗe shi. Ya kira ni Malam Umaru. Ya tashi ya ba ni tabarma, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya raka ni har bakin hanya kamar baƙo. Mutumin da tun muna tsirara bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Kusan shekara guda yana girmama ni haka, kuma na gwammace ya mare ni. Inno kuwa tana bugo waya kowace Juma'a, tana gaisuwa cikakkiya, ba ta rage komai daga hakkina ba, ba ta kuma ƙara komai a kai ba. Ban yi ƙorafi ba. Har yau ina ganin hanyar da na zaɓa ita ce daidai, kuma da za a mai da ni ranar Alhamis ɗin nan ita zan sake zaɓa, sai dai da na fara shiga ɗakin Inno kafin in shiga mota.

Da aka kwashe amfanin damina, sanyi ya fara, ta dawo da kular ƙanƙararta. Na ji a bakin Kulu cewa malamarta ta ba ta zaɓi ta buga tsinkayen a injin makaranta, ba sai ta sake bi ta hannun kowa ba. Don haka da na ga ta shigo shago da safe na ɗauka sallama ta zo yi kafin ta wuce Bakura. Ta gaishe ni, ta ajiye sabon gwangwani a kan teburina. Sannan ta ciro mita daga jaka ta ajiye kusa da shi.

"Wagga ba ta makaranta ba ta. Taka ta, nan za ta zauna."

"Ban iya ba."

"Shi ya sa niz zaka da wuri. Ba mu buɗe gwangwani sai ka iya."

Na share teburi, na wanke hannu, na jawo benci na zauna, ita tana tsaye. Ina da shekara sittin da ɗaya a lokacin. Ta ɗora tsohon tsinke a gabana, ta sa mini baƙar waya a hannun hagu, ja a hannun dama, ta ce in manta da zanen, in kalli lambar da za ta fito. Na tambaye ta wacce ake fara ɗorawa. Ta ce duk ɗaya ne. Na ce a shagona ba a cewa duk ɗaya ne, ta zaɓa. Ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani tun ranin da ya wuce, ta ce to in fara da baƙar. Na fara da baƙar.